Mu Bar Kifi Ya Hayayyafa a Bakin Rafukanmu

Tambayi duk wani yaro a Ƙaraye ko Rogo inda ake samun kifi, ba zai yi inda-inda ba. Zai ce maka ka je Dam ɗin Challawa ko na Kusalla, ka nemi bakin rafi inda ruwan damina ke shigowa, ko cikin ciyawar da ruwa ya shanye. Gaskiya ya faɗa. Sai dai waɗannan wurare da kifi ya fi taruwa su ne kuma ɗakin haihuwarsa. Ra'ayina shi ne a ɗaga musu ƙafa daga watan Yuni zuwa Satumba, a daina su a cikinsu har sai kifi ya gama zuba ƙwai.

An kammala Dam ɗin Challawa a 1992, kuma yana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Wanda ya tsaya a bakinsa zai ɗauka kifin ciki ba zai taɓa ƙarewa ba. Amma kifi ba a tsakiyar zurfi yake haihuwa ba. Tarwaɗa takan jira ruwan sama ya sauka, rafuka su kawo, sannan ta hauro da dare zuwa cikin ciyawar gefe ta zuba ƙwai. Namijin karfasa kuwa rami yake yi a yashi inda ruwa bai da zurfi, macen ta kwashe ƙwan a bakinta ta riƙe har su ƙyanƙyashe. Ke nan wanda ya kama uwa ɗaya a wannan lokaci, ba kifi ɗaya ya kama ba, ɗaruruwa ya hallaka.

Abin takaici, a daidai lokacin ne ake yi wa waɗannan wurare rubdugu. Wani ya ja taru mai ƙananan idanu, wani ya datse bakin rafi gaba ɗaya da tarko. Mu yara ma ba a bar mu a baya ba: gidan sauron da aka raba don kare mu daga zazzaɓin cizon sauro, shi ake ɗauka a tace 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Mafi muni shi ne mai zuba maganin ƙwari a kududdufi. Ya kashe babba da ƙarami, sannan ya kai wa mutane guba kasuwa, alhali daga wannan ruwa dabbobi ke sha, kuma shi ke gangarawa har Kano.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar kamun kifi a koguna da tafkuna ta Nijeriya ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya, ta kuma hana ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato kimanin inci 3. Amma doka a takarda ba ta gadin bakin ruwa da tsakar dare. Mutanen gari ne ke iya wannan.

Wani zai ce, masunci da iyali gare shi, me zai ci in an hana shi su wata huɗu? Tambaya ce mai nauyi. Amsar ita ce ba dam ɗin duka za a rufe ba. Bakin rafuka da ciyawar gefe kaɗai ake magana. Mai kalli mai manyan idanu da mai ƙugiya su ci gaba da sana'arsu a cikin zurfi. Ban da haka, lokacin ya zo daidai da aikin gona, kuma yawancin masuntanmu manoma ne. Karfasar da aka bari a Yuli, ita ce za ta cika kwando da rani.

Ba kuma baƙon abu ba ne. A Argungu ta Jihar Kebbi, ba a barin kowa ya yi su a Matan Fada sai ranar biki, kuma Sarkin Ruwa ke kula da haka. Shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai mutum biyu sun ɗauka, har hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun duniya a 2016. A Ingila ma, masu kama wani kifin ruwan sanyi da ke zaune a rafukan tsaunuka, wanda suke kira turawut, sai sun yanki lasisi, kuma akan rufe kamunsa a watannin da yake zuba ƙwai. Su ma sun gane cewa wurin da ya fi kifi shi ya fi buƙatar tsaro.

To, me ya rage mana? Sarakunan ruwa da dagatai da ƙungiyoyin masunta su zauna su shata wuraren da za a bari, su sanar a kasuwa da masallatai kafin ruwa ya sauka. Malamanmu na kimiyyar noma su kai mu bakin ruwa mu ga ramin karfasa da idonmu, darasin zai fi zama. Mu kuma ɗalibai, mu mayar da gidan sauro kan gado. In ƙaramin kifi ya kama ƙugiyarka, cire shi a hankali ka sake shi. In an aike ka sayen kifi, kada ka sayi tsibin 'yan mitsi-mitsi komai arharsu, domin ranar da aka rasa mai saye, ranar za a rasa mai kamawa.

Da yawa daga cikinmu da kuɗin kifi ake saya mana littafi da kayan makaranta. In muna son ƙannenmu su ma su samu, wannan daminar ce lokacin farawa.