Wasiƙa a buɗe zuwa ga masu gyara da saita wayoyin hannu

Saita waya domin ta hau intanet aiki ne da masu gyara suka laƙanta bayan shigowar GSM Najeriya a 2001. Hannunsu da sauri, kuɗinsu da rangwame, kuma sun cancanci yabo. Sai dai wata al'ada ta yi katutu a shaguna, ita ce dalilin wannan wasiƙa.

Aikin yana farawa daga layi. Kowane kamfanin sadarwa yana da ƙofar da data ke bi, wato APN, tare da lambar ƙasa, 621 ga Najeriya, 614 ga Nijar. Yawancin wayoyi suna ɗaukar waɗannan da kansu da zarar an sa sim, sai jefi-jefi wadda aka shigo da ita daga waje kan buƙaci a rubuta da hannu. Nan ba a cika samun kuskure ba.

Daga nan sai Wi-Fi. Tsohon tsarin kariya na WEP ya daɗe da rushewa, WPA2 ya fito a 2004, WPA3 kuma a 2018. Tsarin WPA2 yana neman kalmar sirri mai aƙalla haruffa 8, sai yaron shago, wajen saita raba data, ya danna 12345678 ya miƙa waya. Mai ita ya koma gida ya kunna raba data, maƙwabta su hau, kafin magariba data ta ƙare, shi kuma yana zagin kamfani.

Babban laifin yana wajen asusun Google. Da shi waya ke ajiye lambobin mutane da hotuna da kwafin hirar WhatsApp, ta dawo da su idan an sauya waya. Dattijuwa ta kawo sabuwar waya, mai gyara ya buɗe mata asusu a tsaye, ya ƙirƙiri suna da kalmar sirri daga kansa, wani lokaci har ya sa lambarsa a matsayin ta farfaɗo da asusu. Bai rubuta mata ba, bai ma gaya mata an buɗe wani abu ba. Shafin intanet ya buɗe, an biya, an rabu. Ran da wayar ta faɗa ruwa, lambobin 'ya'ya da jikoki suna nan a ajiye, amma babu mai iya kaiwa gare su. Tun Android 5.1 a 2015, wayar da aka goge ba tare da an cire asusu ba takan nemi wannan asusun kafin ta buɗe. Sai mai waya ta sake biyan kuɗi a kwance mata kullin da shago ya ɗaura. Wannan cin amana ne, ko da ba da gangan aka yi ba.

Masu gyaran rediyo da agogo na da ba haka suka koyar ba. Maigida yakan ɗora tsohon ƙarfen da ya cire a tafin mai kaya, ya nuna masa abin da ya lalace, yaron da ya ɓoye wa mai kaya wani abu kuwa ranar zai sha faɗa. Yau an gaji bencin, an bar tarbiyyar.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, kuma gyaran wannan al'ada ba shi da wuya. Mai waya ne ya kamata ya zaɓi kalmar sirri ya danna da hannunsa, a sa lambarsa, a rubuta masa sunan asusun a takarda ya adana a gida. Wanda bai iya karatu ba, a nemi ya zo da ɗansa ko wani amintacce. Kafin a miƙa waya, a duba cewa ajiyar lambobi tana kunne, sabunta manhajoji da tura hotuna kuma a bar su sai an hau Wi-Fi. Idan shago ya gwada waya da asusunsa, ya cire shi a gaban mai ita.