Mai Son Koyar Da Falsafar Addini Ya Shirya Wa Doguwar Tafiya

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin iyayen yara da malaman makaranta, wadda mu ke ganin ya kamata a tsaya a dube ta da idon basira. Idan yaro mai ƙwazo ya ce so ya ke ya zama malamin jami'a, ya koyar da falsafar addini, sai ka ga an yi masa ca. Waɗansu su ce zai ɓata imaninsa, waɗansu su ce yunwa za ta kashe shi. A ganinmu na biyun sun fi kusa da gaskiya, ko da ya ke su ma sun wuce gona da iri. Na farkon kuwa, galibinsu ba su san abin da su ke tsoro ba.

Falsafar addini, watau auna maganganun addini da ma'aunin hankali. Mece ce hujjar samuwar Ubangiji? Ina iyakar hankali in an gwama shi da wahayi? Ta yaya za a haɗa ƙaddara da zaɓin bawa? Duk wanda ya durƙusa gaban malamin zaure ya karanta tauhidi ya taɓa bakin waɗannan mas'aloli, ko da bai taɓa jin sunan falsafa ba. Bambancin kurum shi ne, malamin jami'a tilas ne ya kawo hujjar da wanda ba addininsu ɗaya ba zai iya aunawa.

Bari mu kawo labarin mutum guda wanda ya bi hanyar tun daga farkonta har ƙarshe. An haifi Isma'il Raji al-Faruqi a Yafa ta ƙasar Falasɗinu a 1921. Ubansa alƙali ne. Ya sami digiri na farko a Jami'ar Amurka da ke Bairut a 1941, sa'an nan ya shiga aikin gwamnati ƙarƙashin mulkin Ingilishi. Ashe shi ma ya san tebur da fayil. Yaƙin 1948 ya raba shi da ƙasarsa, ya nufi Amurka, ya koma karatu. Can ya sami digirin dakta na falsafa a Jami'ar Indiyana a 1952, kuma a waɗannan shekaru har fassarar littattafai ya yi daga Larabci zuwa Turanci.

To, ga inda mu ke so malamai su lura. Mutum yana da shekara 31, ga takardar dakta a hannu, kowa zai zaci sai neman kujera da miƙe ƙafa. Amma karatun da ya yi na masanan Turai ne. Saboda haka a 1954 ya tafi Alƙahira, ya zauna a Azhar shekara huɗu yana ɗaukar karatun Musulunci daga tushensa. Da ya gama bai tsaya nan ba, ya wuce Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, ya shiga sashen da a ke koyar da tauhidin Kirista, ya karanta addininsu da na Yahudawa a hannun masu shi, har 1961. Daga wannan zama ne littafinsa a kan koyarwar Kirista game da kyawawan ɗabi'u ya fito a 1967. Ya soki abubuwa da yawa a ciki, duk da haka jami'ar ce da kanta ta buga shi, domin kuwa ba a iya cewa bai karanta ba.

Wannan ba sabuwar hanya ba ce. Imamu Ghazali, wanda aka naɗa malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1091, sai da ya rubuta littafi guda yana bayyana manufofin masana falsafa filla-filla, kana ya rubuta na rushe su. Ibn Rushd na Andalus kuma ya zo daga baya ya mai da masa martani. Masu jin tsoron falsafa kan fake da sunan Ghazali, alhali shi bai yarda ya yaƙi abin da bai sani ba.

Yanzu sai maganar masu cewa yunwa. Daga Kanada, al-Faruqi ya yi shekara biyu a Karachi, ya yi shekara guda a Chikago, ya yi huɗu a Sirakus, bai sami mazauni na dindindin ba sai 1968 a Jami'ar Temple da ke Filadalfiya. A lissafa: shekara 27 bayan digirinsa na farko, yana da 47 a duniya. Abokan karatunsa da suka zaɓi likitanci ko lauya lalle sun daɗe da gina gidajensu. A can ya zauna yana koyarwa har watan Mayu na 1986, lokacin da aka kashe shi da matarsa a cikin gidansu. Ba duk ra'ayinsa aka karɓa ba. Shirin nan nasa na musuluntar da ilmi har yau ana gardama a kansa, cikin Musulmi ma. Ai mutumin da ba a gardama da shi a wannan fage, ba a karanta shi ba ne.

Kujerun wannan fanni kaɗan ne a kowace jami'a, kuma wanda ya hau ba ya sauka da wuri. Malamin da ya ɓoye wa ɗalibinsa haka ya cuce shi. Amma wanda ya ce masa fannin baƙo ne a ƙasar Hausa, shi ma bai faɗi daidai ba. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen uwa, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864, ya yi rubuce-rubuce a kan falsafa da Larabci, kuma Baturen nan matafiyi, Barth, ya sadu da shi a 1853 ya yaba ilminsa. Yaron da ya iya Turanci kaɗai ba zai iya buɗe littattafansa ba, wanda ya iya Larabci kaɗai kuwa ba zai iya kai su gaban masanan duniya ba.

Don haka roƙonmu ga malamai shi ne, in yaro ya zo da wannan buri, kafin a yi masa huɗuba a tambaye shi ina ya kai a nahawu da manɗiƙi, kuma ko zai jure karanta littafin wanda bai yarda da shi ba har bango. Ga hukumomin da ke biya wa ɗalibai kuɗin karatu kuwa, muna ba da shawara su ƙara wa irin wannan ɗalibi shekara biyu a kan abin da suka saba bayarwa, guda don harshe, guda don zama gaban malaman addinin da ba nasa ba.