Kada A Ce "Ba Shi Da Asali" Sai An Iya Nema

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wani hukunci da ya yi arha a bakinmu tun da Maktabatus Shamila ta shiga kwamfutocinmu da wayoyinmu, shi ne: "Na duba, wannan hadisi ba shi da asali." Idan ka tambayi mai maganar yadda ya duba, sai ka tarar jimla guda ya rubuta a gurbin nema, yadda ya ji ta a bakin mai wa'azi, na'ura ta ce ba ta gani ba, shi ke nan. Alhali kore abin da ya tabbata daga Manzon Allah (SAW) ba ƙaramin ganganci ba ne.

Na'ura haruffa take bi, ba ma'ana ba, hadisi kuwa sau da yawa yakan zo da lafuzza mabambanta. Ɗauki hadisin niyya, wanda yaran Islamiyya ma sun haddace. Imamul Bukhari ya kawo shi a wurare 7 cikin Sahihinsa. A na farko kalmar niyya jam'i ce, a ruwayar Muslim kuwa tilo ce. Wanda ya nemi lafazin jam'i daidai-wa-daida a cikin Sahihu Muslim zai fito hannu rabbana, ya je yana rantsuwa cewa Muslim bai ruwaito shi ba!

Malamanmu ba su faɗa wannan rami ba, domin Al-Mu'ujamul Mufahras, wanda aka fara bugawa a Laidin ta ƙasar Holan a 1936, ya jera lafuzzan littattafai 9 ne bisa tushen kalma. Dole mutum ya mayar da kalma asalinta kafin ya buɗe mujalladi, a hanya kuma ya ci karo da 'yan'uwanta. Wahala ce, amma ilimin sarfu ne.

Shamila tana da abin da zai maye gurbin wannan, sai dai kaɗan ne cikinmu ke taɓa shi. A shafin bincike mai zurfi, ka bar doguwar jimla. Zaɓi kalmomi biyu baƙi daga matanin, ka haɗa su da "wa" ba tare da sharɗanta jerinsu ba. Inda kake zaton saɓanin lafazi, sa "au". Ka cire sharaɗin dacewar hamza, saboda bugu ya sha bamban wajen rubuta ta. Sannan ka taƙaita neman ga littattafan matanin hadisi tukuna, kafin ka faɗaɗa zuwa na takhriji.

Wannan taƙaitawa ita ce ke tsare mu daga kishiyar kuskuren. Na taɓa jin wani ɗan'uwa yana kafa hujja da wata magana, ya ce Ibnul Jauzi ne ya kawo ta. Ko da muka koma muka duba, ashe a cikin Al-Maudu'at ta fito masa, littafin da malamin ya tara ruwayoyin da ya hukunta ƙagaggu ne. Ɗan'uwan nan ya karanta layin da na'ura ta haskaka masa da ja, bai ɗaga ido ya ga sunan littafin ba, bai kuma sauka layi uku ya ga abin da aka faɗa game da isnadin ba.