Wa Ya Mai Da Mutumin Gaya Baƙo A Kabi?

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa hawa mota a Kalgo ya nufi Bunza, ya zarce Kamba da niyyar ƙetarawa Gaya, ya san yadda tafiyar take. Shinge bayan shinge, ga mai kaki tsaye yana miƙo hannu. Ba takarda yake nema ba, don in ka nuna masa sai ya ce hoton bai yi kama da kai ba. Tsohuwa ta taso daga Gaya da ƙwaryar daddawa za ta sunan jikanta, a sauke ta a bakin hanya a ce mata baƙuwa. Baƙuwa a ina?

Bari mu tuna wa masu mantuwa. Daular da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya kafa wa mazauni a Gwandu ta kai Nupe da Ilori ta kudu, ta kai Sayi da Liptako ta yamma, waɗanda yau suke cikin Nijar da Burkina Faso. Fataken goro kuwa suna kora jakunansu har Gwanja su komo. Ba mu ce zamanin babu kuɗin fito ko 'yan fashi ba, akwai su. Amma malami da falke suna ratsa ƙasashe, masauki yana jiransu a kowane zango. A 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, Bature Heinrich Barth ya sauka garin, ya tarar da Tarikhus Sudan, littafin tarihin Tambutu da Songhai, a hannun malamai. Matafiya ne suka kawo shi, ba wanda ya tambaye su fasfo.

Ingila da Faransa ne suka ja layi a 1890 daga Sayi zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, daga baya suka yi ta gyara shi yadda suka ga dama. Wannan laifin Turawa ne, mun yarda. To amma sun naɗe tabarmarsu tun 1960, abin da ya biyo baya aikin shugabanninmu ne. Sun kafa ECOWAS a Legas a 1975, suka sa hannu a 1979 cewa ɗan yankin na iya shiga kowace ƙasa ya yi kwana 90 ba biza. Shekara 4 kacal bayan haka gwamnatin Shagari ta kori baƙi, kamar yadda Gana ta kori namu a 1969. An rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, aka sake a 2019, aka kuma a 2023 bayan juyin mulkin Yamai. A Janairun 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar.

Kowane karo mai tirela ya san inda zai bi da kayansa. Wanda ke kwana a bakin shinge shi ne mai buhun albasa biyu, da majinyacin da ke neman asibiti, da ɗalibin da ya fito ƙaro ilmi.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su bar kashe kuɗin ɗalibai wajen liyafar ƙarshen zango. A ɗauki hayar mota a hutu mai zuwa, a tashi daga Gwandu a bi ta Kalgo zuwa Gaya, a ƙetare Kwara zuwa Malanville. A ƙirga shingayen, a rubuta abin da aka karɓa a kowanne, a buga lissafin a wannan mujalla, a aika wa wakilanmu na majalisa kwafi.