Raƙumin da Ba a Sa Masa Akala

A kasuwar Maigatari kowane yaro ya san raƙumi, ya san yadda ake gurfanar da shi a hau. Amma akwai wani raƙumin da ba ya gurfana wa kowa, wato raƙumin ruwa na teku. Wani zai ce, ina ruwanmu da teku, mu mutanen Ɗanzomo, da ba mu san komai ba sai rijiya da kududdufin damina? Da ruwanmu fa, gama samarinmu na Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar suna tafiya Ikko neman kuɗi ko karatu, tafiyar fiye da kilomita 1,000, ran hutu kuwa abokai sukan ja su zuwa bakin teku.

A wani wuri da ake kira Tarkwa Bay, inda sai da jirgin ruwa ake zuwa, za su tarar da yara suna sukuwa bisa raƙuman ruwa, kowa a tsaye kan allonsa. Wasan nan ba baƙo ba ne a Afirka. A 1834 wani Bature, James Alexander, ya rubuta cewa ya ga yaran Akra suna shiga teku da 'yan alluna a ƙarƙashin cikinsu, ruwa yana dawo da su gaɓa. A 2021 kuma aka fara yin wasan a gasar Olamfik, a ƙasar Japan.

Abin da ke ka da sabon shiga ba tsayuwa a kan allon ba ne. Kafin a kai ga wannan, dole ya ƙetare inda ruwan ke fashewa, ya kai can baya inda yake kwance. A nan ake shan wuya. Sa'ad da raƙumin ruwa ya iso wuri marar zurfi, ƙasansa yakan rage gudu, samansa ya kifo gaba, ya zama farin kumfa mai turo kome zuwa gaɓa.

Masu koyarwa sukan ce a fara zama a kan yashi a duba. Raƙuman suna zuwa ayari-ayari ne, bayan kowane ayari ruwa yakan ɗan lafa, lokacin shiga ke nan. Mai gaggawa ba ya jin wannan magana, shi ya sa yakan sha gishiri. A shiga da ƙafa har ruwa ya kai ƙugu, allo a gefe, bakinsa yana fuskantar teku. Kada a kuskura a sa allo tsakanin jiki da ruwan da ke tahowa, gama zai make mutum a fuska. Daga nan a kwanta rubda ciki a kansa, a yi ta tuƙi da hannu biyu, a nufi kumfan kai tsaye. In aka ba shi gefe, kifewa ce.

In kumfan ƙarami ne, a dafa allon a ɗaga ƙirji, ruwa ya wuce tsakanin jiki da allo. In babba ne, a kama gefunan allon da ƙarfi, a ja numfashi, a juya rigingine a ƙarƙashinsa, allon ya zama rufi har ruwan ya wuce, sa'an nan a juyo a ci gaba da tuƙi. Wanda ya taɓa ganin masunta kan gora a Argungu zai gane dalili: abin da ke ɗauke da kai a ruwa, ba ka sakinsa. Don haka ne ake ɗaure allon da igiya a idon sawu.

Akwai kuma abin da ya fi raƙumin haɗari, domin ba shi da ƙara. Ruwan da ya taru a gaɓa yakan sami hanya ya koma teku da gudu, wurin kuwa yakan yi kamar ya fi ko'ina lafiya. Gwanaye suna bin wannan hanya su fita da sauƙi, amma ita ce ke tafiya da baƙo. In ta ja mutum, kada ya yi kokawa da ita. Ya riƙe allonsa, ya yi tuƙi ta gefe, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinta, ya ɗaga hannu a gan shi.

Iyaye, in ɗanku zai tafi Ikko, ku gaya masa iyon kududdufi ba iyon teku ba ne. Kada ya shiga shi kaɗai, kada ya shiga da dare, kada kuma ya karɓi aron allo sai mai allon zai shiga ruwan tare da shi.