FILIN KIWON LAFIYA: Nono ya kawo, ba ciki ba goyo

Akwai abin da ke samun wasu masu shan maganin sida, amma kunya ta hana su faɗi. Mace ba ta da ciki, ta yaye ɗanta tun damina biyu, sai ta ga ruwan nono yana jiƙa mata riga. In mijinta ya tafi cin rani Abijan ko Libiya, to, magana ta tashi. Kishiya ta ce ciki ne, tsofaffi su ce aikin iskoki ne. Ita kuwa sai ta zargi ƙwayoyin, ta zuba su masai.

Wani lokaci zarginta yana da tushe. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan nama, girmansa kamar ƙwayar wake. Shi ke sakin wani sinadari cikin jini mai umurtar nono ya kawo ruwa. Makiyayi ya san saniya ba ta ba da madara sai ta haihu. To, wasu magunguna suna tsokanar ɗan naman nan, ya yi aiki ba lokacinsa ba. Likitoci sun ga haka ga wasu masu shan ritonavir da danginsa, amma ba su da yawa. Sau da dama ma mai laifin shi ne maganin hana amai, metoclopramide, wanda ake sha tare da su. Efavirenz kuwa yakan kumbura nonon namiji. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fi ba da dolutegravir.

Zubar da magani shi ne babban kuskure. Ruwan nono ba ya kisa. Amma in aka bar ƙwayoyi, cutar sai ta sake ƙarfi cikin jini, wata rana maganin ya daina cin ta.

Mace ta tattara dukan abin da take sha, har da na kasuwa da na boka, ta kai gidan likita. Za a fara awon ciki, wannan kaɗai ya isa ya rufe bakin kishiya. In magani ne, likita ya san wanda zai canza. Kafin nan ta bar matsa nonon tana dubawa, don matsawa ƙara shi take yi. Kada kuma ta shayar da ɗan wata, cutar tana bin nono.

Wadda ta ga jini na fita daga nono guda, ko ta ji ƙullutu, ko ciwon kai da raunin gani suka dame ta, kada ta jira ranar karɓar magani. Ta tafi cikin makon nan.