Gyaɗar haraji da tukunyar biki

A watan Oktoban 1979, da Muhammadu Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamnan tsohuwar Jihar Kano, cikin abubuwan da ya fara yi akwai soke haraji da jangali. Babura a lokacin tana ƙarƙashin Kano, don sai a 1991 aka yanke Jigawa. Dattawanmu har gobe in aka taɓo zancen sai fuskarsu ta washe, kuma suna da gaskiya. Sun ga zamanin da mai unguwa zai bi gida gida da takarda, dagaci yana jiransa, hakimi yana jiran dagaci. Wanda bai biya ba a shanya shi a rana a ƙofar fada, ko ya sayar da akuyar matarsa, ko ya sulale cin rani kafin a zo kansa.

Ban taɓa jin wanda ya yi kewar wannan wulaƙanci ba. Sai dai akwai wata ɗabi'a da ta bi harajin ta tafi, ita nake jin asararta. Manomin da ya san za a zo ba ya jira a zo. Tun da damina yake raba gonarsa, gero da dawa na rumbu, gyaɗa ta kuɗi. Tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe, ita ce ke biya wa talaka haraji. In an kai ta sikeli aka ba shi kuɗi, kafin zanen uwargida, kafin gyaran ɗaki, sai ya ƙulle na hukuma a tsumma ya cusa inda shi kaɗai ya sani. Mu da muka taso bayan nan ba mu gaji wannan ba. Mun ɗauka haraji na ma'aikacin gwamnati ne, wanda ake zare masa daga albashi bai ko gani ba.

Masu girkin biki ne suka sa na waiwayi wannan tarihi. Daga Babura zuwa Kazaure, Roni da Gwiwa, yanzu da wuya a yi ɗaurin aure ko suna ko walimar sauka ta mai hali ba a kira mai girki ba. A da matan gida da maƙwabta ke haɗuwa su raba aiki. Yau uwar biki tana son ta zauna da baƙinta, sai ta ba da kwangila. Yayata tana cikin masu wannan sana'a. Ranar aiki tun kafin kiran assalatu an hura wuta, manyan tukwane uku ko huɗu a jere kan murhu, yara mata biyu na tsince shinkafa, wata na yankan albasa tana share hawaye da gefen mayafi, yaro ya tafi markaɗe da bokitin tattasai a ka. Kafin azahar an cika kuloli an ɗora a Keke Napep. Kuɗi masu kauri suna ratsa hannunta, musamman bayan kaka da kuma watan Sha'aban, lokacin da kowa ke son a ɗaura kafin azumi.

To amma kuɗin da ya ratsa hannu daban, naka daban. In aka ba ta kafin alƙalami, yawancinsa na mai shinkafa ne da mahauci da mai mai da mai itace. Akwai hayar tukwane, akwai sallamar yaran da suka taya ta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma, sai ka yi ciniki yau, ranar cefane farashi ya wuce inda ka bar shi.

Wata shekara aka yi mata hanyar ciyar da mahalarta wani taron bita. Aiki mai tsoka, amma aka ce sai ta kawo lambar haraji da takardar shaidar biya, wadda ke nuna shekaru uku da suka wuce. Na raka ta ofishin haraji. Jami'in ya tambaye ta cikin ladabi, "Hajiya, kamar nawa kike samu a shekara?" Ita kuwa, da yake ba ta son a raina sana'arta, sai ta shiga lissafa manyan bukukuwan da ta yi da abin da aka biya ta a kowanne. Na ɗan taɓa ta na ce, "Yaya, riba ake tambaya, ba kuɗin cefane ba." Ta ce, "To ni ina na san riba, tunda a jaka ɗaya suke kwana?" Ba littafi, ba rasit ko ɗaya. Wanda ba shi da rubutu kuwa, doka ta ba jami'i dama ya yi masa ƙiyasi, kuma ƙiyasi ba ya sanin ranar da shinkafa ta kama ko mai biki ya hana cikon kuɗi. Haka aka yi mata, sai da ta sayar da tunkiyar da take kiwo don layya kafin ta biya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, da an bi lissafi, abin da ke kanta bai taka kara ya karya ba. Mai sana'ar kansa hukumar tara kuɗin shiga ta jiharsa yake biya wa, a nan Jigawa ke nan, kuma a kan riba ake yanka masa bayan an fitar da abin da ya kashe wa sana'ar. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta yafe Naira 800,000 na farko a shekara, sannan Naira miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin ɗari. A ce mai girki ta tashi da ribar miliyan 2. Abin da za a taɓa miliyan 1.2 ne, harajinsa 180,000, wato bai cika Naira goma cikin kowace ɗari ta ribarta ba. Mata da yawa da ke girki jefi-jefi ma ba za su kai layin ba, ba a bin su ko kwabo. Sai dai da baki ba a shaida hakan.

Lokacin biyan ma yana da nasa tarko. Ana son a gabatar da bayanin shekarar da ta gabata kafin ƙarshen Maris, ga shi a 'yan shekarun nan Maris yana faɗowa cikin azumi ko gab da Sallah. Bukukuwa sun tsaya, ga kayan buɗa baki, ga ɗinkin yara. Kuɗin Sha'aban tuni sun zama atamfa.

Yanzu Yaya tana da littafin makaranta mai layi, kowane biki shafinsa: abin da aka ba ta a sama, cefane da haya da ladan yara a ƙasa, abin da ya rage a zagaye shi da jan biro. A daren da aka kammala biyanta take cire ɗaya bisa goma na abin da ke cikin zagayen, ta tura wani asusun banki da ta ƙi karɓar katinsa. Na so ta zuba a adashi, ta ƙi, kuma ta fi ni gaskiya, don kwasar adashi layi take bi, ba ruwanta da watan Maris, in kuma ta zo da wuri akwai bikin 'yar ƙanwa da ke jiranta. Zakkarta kuwa lissafinta daban, ba ta haɗa su.

Rasit ma ta daina jefarwa. Na masu karɓar kuɗin ƙaramar hukuma a kasuwa tana tara su a tsohon gwangwanin madara. In ta yi wa wata ma'aikata ko kamfani aiki aka zare wani kaso na haraji tun kafin kuɗin su iso ta, ba ta barin wurin sai ta ji ranar da za ta karɓi shaidar abin da aka zare, domin ana rage shi daga abin da za ta biya a ƙarshen shekara. Wannan takarda ita ce ake jan ƙafa wajen bayarwa, wani lokaci sai an yi ta sintiri wata da watanni.